Shekarar da Marlys Opdahl Ta Kama Bakinta

Duk wanda ya san Marlys Opdahl ya san Allah bai yi ta da shiru ba. Bakin ne ma ya kai ta kujerar da take kai. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce, tana ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin Halvor, ƙanƙara ta kakkarya turakun wuta, gundumar ta yi kwana goma sha tara cikin sanyi da duhu. Da wuta ta dawo sai ta nufi babban birnin jiha, ta tsaya gaban hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da gas da waya. Minti uku aka ba ta, ta yi arba'in, ba wanda ya iya katse ta. Wanda ya tuƙa ta ran nan maƙwabcinta ne, Delmar Hofer, mai kiwon shanu, wanda sanyin ya kashe masa maruƙa talatin da ɗaya. A hanyar dawowa ya dube ta ya ce, "Ke Marlys, tunda ba kya gajiya da surutu, ki je ki riƙa yi musu a can mana, mu kunnenmu ya huta."

Haka ta tsaya takara. Kwamishinonin hukumar uku ne, zaɓensu ake yi duk shekara shida, kuma sunayensu na can ƙasan takardar ƙuri'a, inda hannun mai zaɓe ya riga ya gaji. Rabin mutanen jihar Dakota ba su san me hukumar take yi ba sai ran da aka ƙara musu kuɗin wuta. Karon farko da ƙyar ta sha, da ratar ƙuri'a ɗari shida da goma sha ɗaya. Karo na biyu ta samu kashi hamsin da takwas. Na uku ɗaya jam'iyyar ta rasa wanda zai yarda ya fito, sai wani mai sayar da inshora da ko matarsa ba a tabbatar ta zaɓe shi ba. Na huɗu ta ɗan sha wuya a birane, ƙauyuka suka ɗauke ta. A duka huɗun gundumar Halvor ba ta taɓa ba ta ƙasa da kashi tamanin ba. Kuma duk shekarar zaɓe Delmar kan jera manyan dammunan ciyawa a bakin babbar hanya, ya rubuta sunanta da jan fenti, harafi ɗaya a kan kowane dami.

A shekarar zaɓe na biyar ne wani kamfani ya shigar da takarda yana neman izinin jan babban layin wuta daga filayen injinan da ke samar da wuta da iska a yamma zuwa biranen gabas. Hanyar da suka zana ta ratsa Halvor ta tsakiya. Ta bi ta gonaki sittin da wani abu, ta kuma bi ta kan jerin itatuwan da mahaifin Delmar ya dasa don tare iska, layi bakwai, waɗanda shanunsa ke fakewa a bayansu duk hunturu. Doka ta ce hukuma ta yanke hukunci kafin tsakiyar Disamba. Zaɓe kuwa farkon Nuwamba ne.

To ga inda matsalar take. Muddin magana tana gaban hukuma, kwamishina kamar alƙali yake, ba ya tattauna ta da kowa a bayan fage, ba ya kuma faɗin inda ya karkata. In ya kuskura ya faɗa, lauyoyin ɗaya ɓangaren za su nemi a cire shi daga shari'ar, a ɗauko wani daga waje ya zauna a madadinsa. Sauran kwamishinonin biyu kowa ya san halinsu: ɗaya bai taɓa ganin layin da bai so ba, ɗaya bai taɓa ganin wanda ya so ba. Ƙuri'ar Marlys ce za ta raba gardama. Ta karanta rahoton injiniyoyi shafi ɗari tara, ta ga akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa mil huɗu kudu da ba ta taɓa gidan kowa ba, ta ga kamfanin ya ba ta shafi ɗaya da rabi kacal. Ta san abin da zuciyarta ke gaya mata. Kalma ɗaya za ta riƙe mata Halvor, kuma kalmar nan ce za ta fitar da ita daga shari'ar.

Abokin hamayyarta, Colby Rausch, ɗan shekara talatin da shida mai fararen haƙora, ba shi da wannan damuwar. Duk inda ya samu makirufo sai ya ce, "Ku zaɓe ni, in binne layin nan da hannuna!" Mutane su yi ta tafi.

"Wannan yaron ai ya riga ya kori kansa daga shari'ar tun bai shiga ofis ba," in ji mijinta Orville, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta ya koma tuƙa matarsa. "Kuma kafin a rantsar da shi an gama komai. Ki gaya musu mana, ranki ya daɗe."

"Na gaya musu a rediyo. Na gaya musu a kasuwar shanu."

"Suka ce me?"

"Suka ce yaushe Marlys ta fara magana kamar lauya."

Gaskiyar kenan. Da wani ne ya yi shiru da sun ɗauka doka ce. Amma matar da suka san tana iya tsayar da fasto a bakin ƙofa ta gyara masa huɗuba, yau a tambaye ta ta ce ba za ta iya cewa komai ba? Sai aka fara raɗe-raɗin an saye ta. Wasu suka ce kamfanin ya yi mata alkawarin aiki, wasu suka ce shekara ashirin da huɗu a birni ta isa ta canza kowa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, tana jin maganar tana taso mata har maƙogwaro tana haɗiye ta.

Lahadin ƙarshe ta Satumba cocinsu ya yi liyafar kaka a ɗakin ƙasa, kamar kowace shekara: talotalo, dankali, miyar nama, da kek iri goma sha biyar da matan suka jera kowace na satar kallon na wa ya fara ƙarewa. Marlys ta ɗaura atamfar aiki ta raba dankali na awa guda, don a Halvor ba a ba wanda bai raba dankali ba ƙuri'a. Da ta samu ta zauna da farantinta, sai Delmar ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna daf da ita. Ya tsufa a shekarar nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Kwamishina, an samu ganinki."

"Del, kai da ke ganina kullum ta kan shinge ina shanya? Yaya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan. Ba ita ta kawo ni ba." Ya rage murya. "Jiya sun zo sun kafa 'yan tutoci a cikin itatuwan Baba. Marlys, ba na ce ki yi mini alfarma ba. Ki dai gaya mini in sani. In sarewa za a yi, in sayar da shanun tun kafin sanyi, don ba za su kai bazara a fili ba."

"Del, ka san ba zan iya taɓa maganar nan ba."

"Ni ne fa. Ba ɗan jarida ba ne."

"Na san kai ne."

"To kada ki ce komai. Ki ɗaga kofin nan in akwai fata. In babu ki bar shi a ajiye. Wa zai sani?"

Ta dubi kofin. Kofin kofi ne na coci, fari, mai ɗan tsagewa a baki, kuma wallahi tana jin ƙishi. Yanzu in ta ɗaga ta yi magana, in ta bari ta yi magana. Sai ta miƙe tsaye, ta kwance atamfar ta ajiye a bayan kujera, ta ce, "Ka gaida matarka Ardis," ta haye matakala ta fita. Mutum ɗari da ashirin suka bi ta da kallo, suka juyo suka kalli Delmar zaune shi kaɗai da farantinta a gabansa.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya huce. Amma dokar tana da wutsiya. Duk wanda ke cikin shari'a ya tuntuɓi kwamishina a bayan fage, dole kwamishinan ya rubuta abin da aka ce ya saka a fayil, inda kowa zai iya buɗewa ya karanta. Litinin da safe Marlys ta zauna a ofis ta rubuta layi shida. Ta sa rana da wuri, ta sa sunan Delmar Hofer, ta rubuta cewa ya nemi sanin matsayinta, ita kuma ba ta amsa ba. Maganar kofin ma ta sa. Sau uku ta goge sunansa tana mayarwa.

Orville ya karanta a gida, ya cire tabarau ya ce, "Har kofin?"

"Har kofin."

"Marlys, mutumin nan shi ya ɗauki akwatin gawar mahaifiyarki."

"Kana tsammani na manta ne?" Ta ɗaga murya, sai kuma ta fashe da kuka, abin da bai gani ba tun rasuwar tsohuwar. Ya rasa abin yi, ya tashi ya ɗora ruwan zafi.

Jaridar mako ta Halvor ta buga layi shidan a shafin farko. A wurin mutanen gari fassarar ɗaya ce: tsoho ya je wa 'yar gida da kukansa a coci, ta kai ƙararsa birni a rubuce. Ranar Asabar da ita da Orville suka biyo babbar hanya, dammunan ciyawa na nan a jere, amma an juya su, jan fentin na kallon gona. Orville ya rage gudu, sai kuma ya ga gara ya taka. Ta kira Delmar sau ɗaya, ta ajiye kafin a ɗauka, don ta tuna ba abin da za ta iya faɗa masa.

Ta yi sauran kamfen ɗin yadda ta saba. Ta jefa alewa a faretin makarantu, ta ci tsiren rago a garuruwa goma sha ɗaya, ta yi bayanin yadda ta hana a yanke wa mutane wuta cikin hunturu da yadda ta kai waya ƙauyukan da kamfanoni suka ce ba riba. Mutane su gyaɗa kai, sannan wani ya ɗaga hannu ya ce, "To layin fa?" Sai ta sake karanto musu dokar, tana kallon fuskokinsu suna rufewa.

Washegarin zaɓe da hantsi aka gama ƙirgar akwatunan ƙarshe. A faɗin jiha Colby Rausch ya wuce ta da ƙuri'a ɗari uku da tamanin da takwas. A birane ta samu ƙuri'un da ba ta taɓa samu ba. Halvor ce ta ba ta kashi arba'in da ɗaya. Ta kira yaron ta taya shi murna, ta ba shi shawara ya nemi takalmi mai kyau don daɓen ofis ɗin sanyi gare shi. Bayan ta ajiye waya ta zauna a kicin ta yi ta kallon lambar Halvor a takarda har kofinta ya huce.

Saura mata mako bakwai a ofis, da shari'a ɗaya.

Kwana biyu kafin ranar hukunci, lauyan kamfanin, wani dogo mai laushin murya da ake kira Mista Pennington, ya shigar da buƙatar a cire ta. Ya haɗa da hotunan dammunan ciyawa na zaɓe huɗu, ya ce kwamishinar da ɗaya daga cikin masu ƙorafi aminai ne na shekara da shekaru, sun kuma gana a coci, ba wanda ya san abin da ya wuce tsakaninsu sai abin da ita ta ga dama ta rubuta. Aka ɗauko wata tsohuwar alƙaliya ta saurari buƙatar. Marlys ta sauka daga kan dandamali ta zauna a gefe, aka kira Delmar Hofer ya ba da shaida.

Ya shigo da rigar da yake sawa zuwa jana'iza, hularsa a hannu. Ya ɗaga hannu ya rantse. Ko inda take bai kalla ba.

"Mista Hofer, shekara nawa ka san Kwamishina Opdahl?"

"Tun tana satar mana tuffa."

Aka yi 'yar dariya, alƙaliya ta ɗaga ido aka yi tsit.

"A liyafar cocin, ka tambaye ta yadda za ta yanke hukunci?"

"Na tambaye ta."

"Me ta ce?"

"Ta ce in gaida matata."

"Ba ta yi maka wata alama ba? Gyaɗa kai, ko murmushi, ko taɓa hannu? Ka tuna ka rantse."

"Na san na rantse, yallaɓai, ba yau na fara zuwa coci ba. Ba ta yi ba. Na ba ta hanya mai sauƙi ta ƙi bi. Ta tashi ta bar ni kamar wanda ya zo bara."

Mista Pennington ya matso, muryarsa ta ƙara laushi. "Kana so mu yarda cewa matar da ka yi wa kamfen shekara ashirin da huɗu ta bar ka haka, ba ta aiko maka da ko kalma ɗaya ta bakin wani ba?"

Nan Delmar ya fusata, jini ya hau masa fuska. "Da ta aiko, da ta faɗi zaɓe? Wa kake tsammani ya kayar da ita, yaron nan mai haƙora? Ni ne! Gida gida na bi a akori-kurata, mako biyar, ina ce musu Marlys ta sayar da mu. Da ƙafar nan mai ciwo na bi. Ka je ka tambayi kowa a Halvor."

Marlys ba ta san wannan ba. Ta ɗauka dammunan kawai ya juya ya koma gida yana fushi. Sai ta ji kamar an zare mata kujera. Shi kuma Delmar, da ya ji maganarsa ta fita cikin ɗakin da ya yi tsit, ya ga lauyan ya koma ya zauna bai ƙara tambaya ba, sai ya fara gane abin da ya faɗa da kuma amfanin da ya yi. Bakinsa ya ɗan buɗe. A lokacin ne ya juyo ya dube ta.

Alƙaliya ba ta ko fita shawara ba. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin shaidar rashin son kai da ta kai wannan tsada ba, ta yi watsi da buƙatar.

Ranar hukunci kwamishina na farko ya ce a ba da izini, na biyu ya ce a hana. Marlys ta jawo makirufo ta karanta dalilanta daga takarda: kamfanin bai nuna ya auna hanyar jirgin ƙasa da gaske ba, doka kuwa ta ce sai ya nuna. Ta ce jiha na buƙatar layin, ƙofa a buɗe take su dawo da wata hanyar, amma wannan ba ta amince ba. Mutanen Halvor da suka cika bayan ɗakin suka fara tafi, sai tafin ya mutu da kansa, don kowa ya tuna abin da ya jefa a akwati.

Bayan an sa hannu a takarda ta sauko. Orville ya tafi ɗauko mota. A bakin ƙofar gilashi ta tarar da Delmar tsaye, dusar ƙanƙara na sauka a bayansa, yana murza hular nan kamar zai yaga ta.

"Yanzu an yarda ki yi magana?" ya ce.

"An yarda."

"Marlys, don Allah, da ko ido kika ƙyafta mini. Ido kawai. Da duk wannan bai faru ba."

"Da na ƙyafta, shekaranjiya da aka tambaye ka me za ka ce?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Ka ɗaga hannu ka rantse, Del. Shekara sittin na san ka, ko a cinikin saniya ba ka iya ƙarya ba. Da ka faɗa musu, da sun cire ni, da yanzu ana wasa zarto."

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya bi ta gefen hancinsa, bai share ba. Ita ma ranta a ɓace yake, ba ta yafe masa ba tukuna, ta kuma san ba yau za ta yafe ba. Tana son aikin nan, tana son shi fiye da yadda ta taɓa gaya wa kowa, kuma ga wanda ya raba ta da shi tsaye a gabanta yana kuka.

"Gida nawa ka bi?" ta ce.

"Marlys..."

"Tambayarka nake. Nawa?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu."

Ta jinjina kai. "Lallai ka yi aiki. Ni da kake so, ba ka taɓa bi mini fiye da hamsin ba."

Ya yi wani sauti, tsakanin dariya da shessheƙa. Orville ya danna hon daga bakin titi. Ta ɗaga masa hannu ya jira, ta gyara wuyan kwat ɗinta.

"Ka tafi tun hanya ba ta rufe ba," ta ce wa Delmar. "Kuma kada ka sayar da shanun. Ni zan koma sama, an ba ni zuwa Juma'a in kwashe kayana."